Tuwon Gayyar Baba

Shekaru kaɗan bayan jirgin ƙasa ya iso Kano, gyaɗa ta yi daraja a ƙasar Gumel. Abar da mata ke soyawa su yi ƙuliƙuli ta zama abar da ake ɗora wa raƙuma. Wani attajiri ya sare daji kusa da ƙauyenmu, ta wajen Sule Tankarkar, ya shuke shi da gyaɗa, ya ce duk wanda ya yi masa noma zai sallame shi da kuɗin Bature kafin la'asar. Samarinmu, da ba sa ganin kwabo sai sun je cin rani, suka ga rani ya biyo su har gida a tsakiyar damina.

Babana bai san wannan zance ba, ko kuma ya sani ya ƙi sani. Mutum ne da ke ganin duniya tana nan inda ya ajiye ta. Da ciyawa ta fara cin ƙarfin geronmu, ya ce a kira gayya, kamar yadda ubansa ya saba. Ni ne babban ɗansa, na yi aure har da 'ya, don haka ni aka ba goro na bi gida-gida. Kowa ya karɓa ya ce, "Allah ya kai mu." Na san inda Allah zai kai su, amma na kasa faɗa wa Baba. Tsoronsa nake ji, gaskiya ke nan.

Inna ta tuƙa tuwon mutum talatin, aka dama fura, aka yanka bunsuru. Da hantsi muka duba gona: makaɗin gangar noma, da ni, da tsofaffi shida, abokan Baba. Ɗayansu ma da sanda ya zo, ya ce hauyarsa tana wurin maƙeri. Makaɗi ya yi ta wasa su da kirarin ƙuruciyarsu, su kuwa kowace kunya ɗaya sai an zauna an tattauna ciwon baya. Na ji kunya, na kuma ji tausayin Baba, don idan aka ƙara kwana bakwai, geron nan sai dai a ba jakuna.

Da azahar ya kira ni gefe.

"Ina yaran suke?"

"Suna gonar gyaɗa, Baba. Ƙodago."

Ya daɗe yana kallon akusan tuwo. Sannan ya ce, "Da sunansu aka tuƙa. Kai musu."

Na ɗora wa jaki na kai. Attajirin kuɗi yake bayarwa, ba ya ba da abinci, don haka na tarar da su cikinsu ya manne da baya. Ba wanda ya tambayi daga ina, sai da aka suɗe akushi. Wani ɗan ƙanen Inna ya lashe yatsa, ya dube ni.

"Yaya, wannan ba tuwon gayyar Baba ba ne?"

"Shi ne."

Wani daga baya ya ce, "To, wanda ya ci ladan kuturu, ai sai ya yi masa aski."

Washegari bayan sallar asuba suka cika gonarmu. Ba kiɗa, ba gasa, ba wanda ya tsokani wani. Suka sunkuya suka share ta tas kafin rana ta take, suka saɓa hauyoyinsu suka nufi gonar gyaɗa da sauri, kada rabin yini ya wuce su.

Ni dai murna nake, gero ya tsira. Baba ya zaga gonar kunya-kunya, bai sami ciyawa ko ɗaya ba. Na ce, "Baba, ka ga dabararka ta ci."

Ya girgiza kai. "Tuwo suka zo biya. Ba wurina suka zo ba."

Har ya rasu bai sake aikena da goron gayya ba.