Hamidu Mai Tsaron Tafkin Baure

Hamidu Sule ɗan kokowa ne a ƙuruciyarsa, irin waɗanda ake ɗauka a mota a kai Damana ko Filinge su kara da zakarun can. Yana da shekara talatin da 'yan kai gwiwarsa ta hagu ta goce a wata kokowar bayan girbi, ya koma gonar hatsinsa yana ɗingishi. Noman bai ƙara cika masa rumbu ba. Shi ya sa da wani furoje, wato shirin raya karkara, ya zo ƙauyensu yana neman mai tsaron tafki, maigari ya ba da sunansa.

Tafkin Baure na kowa ne, ba gonar wani ba. Yana kwance a cikin kwari, yakan riƙe ruwa daga damina har tsakiyar rani. Mutanen furojen suka kewaye gefe ɗaya da waya, suka dasa bedi, wato dogon yaro, da mangwaro, suka gina bencina na siminti da rumfar kwano, suka zuba 'ya'yan tarwaɗa, sannan suka kawo kwalekwale biyu na ƙarfe masu shuɗin fenti. Hamidu bai taɓa shiga kwalekwale ba. Wani Bazabarme daga bakin kogi ya koya masa tuƙi cikin kwana huɗu.

Shekara uku wurin ya yi albarka. Ranar Juma'a da yamma ma'aikata kan zo daga Filinge da iyalansu da tabarmi, 'yan lakwal, wato 'yan makaranta, su zo da malamansu, ranar sallah kuwa sai an yi layi kafin a hau ruwa. Matarsa Hasana tana soya ƙosai a bakin ƙofa. Tsofaffin da suka san shi a fagen kokowa sukan ce ashe Hamidu zai sake tara jama'a.

Da wa'adin furojen ya cika, aka yi taro, aka yi jawabi, aka miƙa makulli ga kwamitin gari, wanda Malam Ashiru, tsohon malamin lakwal, yake shugabanta. Aka ce abin da masu shiga suke bayarwa a ƙofa shi zai riƙe wurin, har da ladan mai tsaro. Da farko ya riƙe. Sai hanya ta lalace da tsoron 'yan bindiga, mutane suka daina nisa da gida don shan iska kawai. Akan yi Juma'a uku Hamidu bai buɗe ƙofa ga kowa ba.

A daminar da ta biyo, ƙorama ta zo da ƙarfi ta kwaso yashi daga tudu ta juye a tafkin, ta kuma kwantar da rabin wayar. Kwalekwale ɗaya ya huje. Hamidu ya je gidan Malam Ashiru.

"Malam, in ba a yashe shi bana ba, baɗi ba mu da tafki."

"Na sani, Hamidu. Na rubuta takarda har uku. Duk inda na kai, sai a ce mani rijiyoyi da likita sun fi gaggawa. Kuma ka san ba ƙarya sunka yi ba."

Hamidu ya koma ya tayar da wayar da ta kwanta, sannan ya ɗauki shebur da baro, yana kwashe yashi shi kaɗai daga hantsi zuwa azahar. Abin da ya kwashe a wata guda bai kai faɗin tsakar gida ba, gwiwar kuma ta kumbura har sai da Hasana ta ɓoye shebur ɗin.

Cikin ranin da ya biyo ne Gidaɗo ya iso. Bafulatani ne daga wajen Sanam, ya gudo da iyalinsa da shanun da suka rage masa. Ruwa ya janye daga ko'ina sai gefen da ke cikin waya, inda doka ta hana dabba shiga. Ya tsaya a ƙofa da sandarsa a kafaɗa, bai roƙa da yawa ba.

"Baba, kwana biyu ba su sha ba. In ka ce a'a, in wuce."

Hamidu ya dubi shanun, ƙasusuwansu a waje, ya dubi 'yan mangwaron da ya yi shekara biyar yana ba ruwa da bokiti. Ya buɗe. Cikin mako guda labari ya kai ga sauran makiyaya, shi kuma ya rasa bakin da zai hana na biyu abin da ya ba na farko. Dashen ya ƙare, bakin tafkin ya zama taɓo. Malam Ashiru ya zo ya gani, ya jima a tsaye, ya tafi bai yi masa faɗa ba.

Bayan sallar layya Hamidu ya sayar da tunkiya ya hau mota zuwa Yamai, da tsohuwar takarda mai adireshin furojen a aljihu. Ya sami gidan. Wani tela ne a ciki da kekunansa, ya ce shekararsa biyu a nan, bai san waɗanda suka riga shi ba. Ya ba Hamidu ruwa da kujera. Washegari Hamidu ya hau motar dawowa.

Kafin ya dawo kwamiti ya zauna. Sun ba wa masu yin bulo hayar gefen gabas, da niyyar a liƙe kwalekwalen da abin da aka samu. Ba a kai ga liƙin ba, don ramukan bulon sun janye ɗan ruwan da ya rage, tafkin ya ƙafe tun kafin sanyi ya wuce.

Shugaban masu bulon ya sami Hamidu zaune a rumfa, ya ce ana ɗauke musu kaya in sun tashi, suna son mai tsaro, kuma za su biya duk mako. Hamidu ya ce zai yi shawara. A gida Hasana ta saurare shi har ya gama, sannan ta ce masa:

"Malam, hatsin da ke cikin rumbu ba ya kai mu damina."

Ranar Asabar ya kama aikin. Yanzu shekararsa biyu yana yi. Yakan zauna a gefen gabas, ya juya wa ramukan baya in rana ta yi zafi, in mai amalanke ya zo ɗaukar bulo ya tashi da ƙyar ya nuna masa layin da ya bushe.