Shekarar da Aji Uku Ya Ƙi Wucewa

Ni dai Allah ya yi ni da saurin fushi, kowa ya sani, har maigidana yakan ce in ashana ta ƙare a gida a zo wurina. Amma akwai fushin da yake zuwa ya wuce kafin la'asar, akwai kuma wanda yake samun wuri ya zauna. Wannan da zan ba da labarinsa har yau bai tashi ba.

Lokacin ina koyarwa a wata firamaren gwamnati, a wani ƙauye tsakanin Gwarzo da Kabo. Kullum daga Gwarzo nake tasowa, in sauka a bakin titi, ɗan acaba ya shiga da ni ta cikin gonaki. Aji uku nake riƙe da shi. Yaranmu 'ya'yan manoma ne da 'yan tireda, sai kuma 'ya'yan wasu gidaje da ke bayan rafi, waɗanda kakanninsu makiyaya ne, yanzu sun zauna suna noma da 'yan awaki da abin da ya rage na shanu. Duk mai ɗan hali a garin makarantar kuɗi yake kai ɗansa. Har wasu daga cikin malamanmu haka suke yi, su koyar da 'ya'yan mutane a nan, nasu suna can.

Sai aka fara ba da abinci a makaranta. Tsakani da Allah abin ya yi kyau, ba zan ɓoye ba. Da an buga ƙarfen tara sai mata su shigo da manyan kuloli a kai, wata rana shinkafa da wake, wata rana dafa-duka, wata rana har da ƙwai. Yaran da da can sai mun bi su gida, yanzu su suke riga mu zuwa. Amma wani mai hikima a can sama ya yanke cewa daga aji ɗaya zuwa aji uku kawai za a ba. Aji huɗu da biyar da shida, su sai kallo. Ni dai har yau ina neman wanda zai gaya mini ko yaro in ya shiga aji huɗu cikinsa ɗinkewa yake yi. Za ka gan su sun jeru a tagar ajina suna haɗiyar yawu, ƙannensu suna ci. In na kore su raina ya ɓaci, in na bar su raina ya ɓaci.

Ba a jima ba makarantar ta koma kamar tulu, ƙasa fam, sama a tsuke. Ajina ya cika har baranda, in zan je bayan aji sai na tsallake ƙafafu. Aji huɗu kuwa har benci suke ba mu aro.

A cikin wannan cunkoso akwai wata yarinya daga gidajen bayan rafi. Siririya ce, mai shiru-shiru, kullum hijabinta da jiƙaƙƙen baki saboda ƙetare ruwa. Uwarta ta rasu, ubanta ya tafi kudu neman kuɗi, shiru kake ji. A hannun kakarta take, ita da wani ƙanenta ƙarami da bai isa ya ƙetare rafi ba. Kai, yarinyar nan Allah ya ba ta kai! Kafin in gama rubuta lissafi a allo ta gama shi a zuci. Karatun Hausa kuwa kamar ruwa. In muryata ta dishe ita nake ba alli ta jagoranci 'yan baya. A raina na riga na gama kai ta sakandare, na ga ta zama malama ko ma'aikaciyar asibiti. Na lura kuma ba ta cinye abincinta. Rabi take ci, ta rufe 'yar robarta ta tura cikin jaka, ta kai wa ƙanen.

Jarrabawar zango na uku ita ce ta wucewa aji na gaba, kuma a tsakiyar damina ake yin ta, lokacin da rumbuna suka yi ƙasa. Na rubuta tambayoyi a allo, suka yi, na kwashe takardu. Da na zo kan tata, sai da na duba sunan sau biyu. Shirme! Abin da ita da kanta ta koya wa wasu jiya-jiya, shi ta kasa. Wani wurin ma ta bar shi fayau.

Washegari da aka tashi na tsayar da ita. Na ce, "Ba ki da lafiya ne?" Ta ce lafiyarta lau. Na ce, "An doke ki a gida?" Ta girgiza kai. Sai na yi kamar ina tattara kayana, na jefa mata tambayar da ta faɗi a takarda, haka kawai a cikin magana. Kafin ta ankara amsa ta fito daga bakinta, daidai. Sai ta yi maza ta toshe bakin da hannu biyu, ta yi tsuru-tsuru.

Nan fa na hau. Na ce, "Ni za ki raina wa hankali? Ni da nake tasowa daga Gwarzo kullum a cikin taɓo saboda ku? Wa ya sa ki?" Hawaye suka zubo mata, ta ce a hankali, "Inna ce ta ce in faɗi."

Ban koma gida ba. Na ce ta wuce mu je wurin kakar tata, wadda take kira Inna. Na tuɓe takalmi muka ƙetare rafin, ina tafe ina shirya abin da zan gaya wa tsohuwar nan, kuma wallahi babu mai daɗi a ciki. Muka same ta a tsakar gida tana tsinke ganyen tafasa a faifai. Ta shimfiɗa mini tabarma, ta kawo ruwa, muka gaisa: ya gajiya, ya damina, ya yara, ya maigidan, ya hanya. Gaisuwar ce ta ɗan sanyaya ni. Sannan na ce, "Inna, wai ke kika ce yarinyar nan ta faɗi jarrabawa?"

Ko gezau ba ta yi ba. Ta ce, "Ni ce, Malama. Aji huɗu ba a ba su abinci."

Na ce, "Haba Inna! Shekara guda fa za ta yi asara. Yarinyar da ta fi kowa!"

Ta ce, "Na san ta fi kowa, ai ni na raine ta." Sai ta karkato mini faifan. "Kin ga wannan? Shi ne na dare, da ɗan ƙuli in an samu. Robar da take kawowa ita ce ta rana, ita da ɗan'uwanta. Karatun nan yana nan, baɗi ma za ta same shi. Yaron nan ne ban san ko zan same shi baɗi ba."

Na ce to a bar ta ta wuce, ni zan riƙa zubo mata daga gida. Ta yi murmushi ta ce, "Allah ya saka da alheri, 'yata. Ke ma da naki. Ranar da kika haihu fa, ko aka canza miki makaranta? Kuma ita kaɗai za ki zubo wa? Ki tambayi maƙwabta."

Fushin dai bai tafi ba, sai dai ya rasa inda zai sauka, don ba a kan tsohuwar nan ya kamata ya sauka ba.

Da safe na sake bin takardun ajina da wani ido. Ikon Allah! Ashe ba ita kaɗai ba ce. Ita dai ta fi fitowa fili ne don ta fi su ƙoƙari. Na shiga ofishin hedimasta ko sallama ban gama ba. Dattijo ne mai sanyin hali, irin wanda ya ga abubuwa ya gaji. Ya saurare ni har na ƙare, ya ce, "Malama, sai yau kika sani? Iyaye har gida suke bi na, wai a taimaka a bar yaro ya maimaita. Da can roƙona ake yi in wuce da yaro, yanzu roƙona ake yi in kayar da shi." Na ce to mu wuce da ita ko da ƙarfi. Ya ce, "Ki wuce da ita, kakar ta zaunar da ita a gida ta ɗora mata tallan nono. Wanne kika zaɓa?"

Ana cikin haka, kafin a ba da hutu, sai ga baƙi daga ofishin ilimi na ƙaramar hukuma sun zo duba sakamako. Babbansu ya sha shadda, ƙamshin turarensa ya riga shi shiga aji. Aka tara mu malamai a ƙarƙashin bishiya. Ya ce aji uku ne abin kunyar makarantar nan, yara sun fi yawa, faɗuwa ta fi yawa. Ya ce ko dai malamar ajin ba ta aiki, ko kuma matsalar irin yaran da muke ɗauka ce, don shi ya san mutanen bayan rafi, ba su san darajar ilimi ba, hankalinsu yana kan dabbobi.

Hedimasta yana ta ƙifta mini ido, amma ina! Na miƙe na ce, "Ranka ya daɗe, yaran nan ba daƙiƙai ba ne, yunwa suke ji. Da gangan suke faɗuwa don kada su bar ajin da ake cin abinci. Ku ba aji huɗu abinci ku ga in za a sake faɗuwa." Ya dube ni sama da ƙasa, ya yi dariya, ya ce ya sha jin uzurin malamai amma bai taɓa jin irin wannan ba. Ya ce tsari tsari ne, ba shi ya yi shi ba, in ina da ƙorafi in bi hanyar da ta dace. Daga nan aka kai su ofishin hedimasta aka zuba musu daga kular yara, har da ƙwai. Ina kallo ya ɓare nasa ya ci, ya ce abincin ya yi daɗi, a gaida masu dafawa. Wallahi ranar da ƙyar na haɗiye abin da ya zo bakina.

Haka na sa hannu yarinyar ta maimaita aji uku. Ko yau aka mayar da ni wurin, ban ga abin da zan yi daban ba. Ranar da aka kira sakamako a filin makaranta, 'yan ajinta suka yi ta waigowa suna kallonta, wasu suna dariya, wai gwana ta sha ƙasa. Ta sunkuyar da kai.

Aka dawo hutu. Ƙawayenta suka shige aji huɗu, ita ta dawo ajina ta zauna cikin ƙanana, tana sake jin abin da ita take koya wa wasu bara. Aka buga ƙarfen tara, yara suka fito da robobi. Ba kuloli. Aka ce gobe. Gobe ta yi, aka ce mako mai zuwa. Muka tambayi matan da suke dafawa, suka ce su ma shiru suka ji, ba wanda ya ce musu su ɗora tukunya. Ba takarda, ba bayani, ba ko a yi haƙuri. Abin da aka fara da taro da lasifika, haka aka janye shi kamar an zare tsinke daga miya. Kullum da tara yara su jeru a bakin hanya suna leƙen ko za su hango mata da kaya a kai. Ita ba ta fita. Tana zaune a wurinta, jakarta a cinya.

Na koma wurin hedimasta na ce, tunda abincin ya tsaya, a mayar da ita aji huɗu, ni na tsaya mata. Ya ce sunaye sun riga sun tafi ofis, sai an nemi izini. Aka nema. Ofis ya ce yarinyar da ta faɗi ta faɗi, in aka buɗe wannan ƙofa kowa zai zo. Ka ji fa! Abinci ya iya tsayawa ba izinin kowa, amma yarinya ba ta iya tsallaka bango ɗaya sai da izini.

Ajina ya fara zubewa, yau babu wannan, gobe babu wancan. An shiga cirar gyaɗa, ana neman hannu a gonakin mutane, kuma a can aƙalla ana ba da abin kaiwa baki.

Wata safiya ina tsakiyar darasi sai na ji sallama a bakin ƙofa. Kakar ce, da sandarta, zaninta jiƙe har gwiwa. Ba ta taɓa taka makarantar nan ba sai ranar. Hedimasta ya fito, muka gaisa a tsaye. Ba ta ɗaga murya ba, da ma ta ɗaga da ya fi mini sauƙi. Ta ce, "Malam, ni ban yi boko ba, a fahimtar da ni. Na ba ku shekararta guda. Me kuka ba ni?"

Hedimasta ya juyo ya dube ni. Sai na ce, "Inna, ki ƙara haƙuri, don Allah ki bar mini ita." Ta ce, "Na bar miki ita ai, Malama. Yanzu kuma ɗan'uwanta zan bar wa ita, a samo masa abin da zai ci."

Ta leƙa cikin aji ta yafito ta da hannu. Yarinyar ta tashi, ta tsallake ƙafafun yara, ta zo gabana ta durƙusa. Ta ce, "Malama, wallahi duk na iya su. Ko yanzu kika tambaye ni zan faɗa."

Na ce, "Na sani."

Suka bi ta cikin gonaki, tsohuwar a gaba, ita a baya. A ƙarshen zangon baƙin ofis suka sake zuwa, suka ga gurbinta da na sauran. Mai shaddar nan ya kaɗa kai ya dube ni, ya ce, "Malama, me na gaya miki game da mutanen nan?"