Butar Kawu Habu da Sanfoni ta Tara

Duk wanda ya taɓa shiga ɗakin Kawu Habu a garin Vaulx-en-Velin, can ƙasar Turawa, ya san ba don baƙo ake ɗora butar shayin nan ba. Alƙali ce. Kawu, ƙanen mahaifiyata, ya ɗora wa kansa aikin da ba wanda ya sa shi. Wai wani Bajamushe ya mutu ya bar sanfoni tara, dogon kiɗan nan na Turawa mai goge barkatai, shi kuwa sai ya zaɓi faifan da ya fi a kowace. Zai ɗora shayi, ya sa faifai, ya rufe ido. In kiɗan ya ɗauke masa hankali har shayi ya zube, faifan ya ci, sai ya rubuta sunansa a takarda. In ya tuna ya sauke, an kore shi.

Da ya kori wani faifai, na taɓa ce masa, "Kawu, wannan fa?"

Ya ce, "Shugaban makaɗan nan sauri yake, ɗiyata. Jirgin Paris zai kama."

Wani faifan kuma, ya ji tari cikin masu sauraro, ya kashe. "Goge na zo ji, ba lopital na zo duba marasa lafiya ba."

In ya je Paris, ya shiga unguwar Château Rouge sayen ganyen shayi, Alhaji Sani mai kanti ba ya ƙyale shi. "Malam Habu, kiɗan da ba kalangu ba kirari, wa ake yi wa?"

"Masu iya yin shiru, Alhaji. Ba da kai ake ba."

Ya gama takwas, sai kunne ya fara tafiya. Ya ƙi yarda, wai fayafayen zamani ne ba su da murya. Amma na ga tsoro a idonsa, kar kunnen ya mutu bai rubuta zaɓinsa na ta tara ba.

Zuwana na ƙarshe, na sa masa wani faifan ta tara, ya rufe ido. Na'urar ta ƙi karantawa. Ɗakin tsit, sai kukan buta. Ina ta danne-danne har shayi ya zube.

Kawu ya buɗe ido yana hawaye. "Kin ji wannan? Shi ne. Miƙo biro."

Na miƙa masa. Wallahi har yau ban iya sauraron faifan nan ba, kuma abin yana cina.

Allah ya jiƙanka, Kawu. Ya buɗe maka kunne a Aljanna, ni kuma ya yafe mini shirun da na yi.