Takun Farkon Nettie

Verlene Tubbs ta zo birnin Milwaukee daga jihar Mississippi tana budurwa, da akwati ɗaya da bakin da ba ya gajiya. Ta yi wanke-wanke a gidan abinci, ta yi guga a otal, ta fige kaji a masana'anta har yatsunta suka kanannaɗe. Tana can, hannu cikin hanjin kaza, ranar da ɗanta na fari ya fara tafiya. A waya aka ba ta labari. Shi ya sa da ta haifi autarta Nettie, masana'antar kuma ta rufe, ta rantse wannan karon da idonta za ta ga takun farko.

Sai gwamnati ta sauya doka: ba aiki, ba kuɗin tallafi. Verlene ta saɓi Nettie ta tafi ofis, ta ce ga aikinta nan yana tsotson yatsa. Matar ofis ta yi mata bayani a tsanake, wai renon ɗanka ba aiki ba ne, amma renon ɗan wani aiki ne, har da albashi.

Tana dawowa ta ƙwanƙwasa ƙofar Odessa Pruitt, maƙwabciyarta ta saman bene, wadda ita ma take goyon ɗanta Dontay. Daga ranar, kullum da safe sai su haɗu a baranda, kowacce ta miƙa nata ta karɓi na 'yar'uwarta. Shi ke nan, zauna-gari-banza biyu sun zama ma'aikata. Verlene har jan-baki take shafawa, wai ita ba ta zuwa aiki a yamutse.

Ana ta dariya, sai ga Nettie ta fara dafa kujera tana miƙewa. Motsi kaɗan daga sama, Verlene ta kashe rediyo ta kasa kunne. Hawa sama ta leƙa da rana kuwa ba dama, don mai duba aiki kan faɗo ba sallama. Ta ja wa Odessa kunne kar ta kuskura ta ajiye yarinyar a ƙasa, ko bayanta zai karye. Odessa ta ce mai reno gwamnati ta ɗauka, ba jaki ba.

Wata Alhamis da yamma, wajen musayar yara, Odessa ta tsaya nesa kaɗan ta dire Nettie. Yarinya ta taho tiryan-tiryan, ba tangaɗi, har da 'yar kwana don kauce wa takalmin wani, ta faɗa jikin uwarta.

"Ke Verlene, kin ga ikon Allah," in ji Odessa. "Yau ta fara, a gabanki."

Verlene ta dubi Odessa, wadda ta ƙura wa silin ido. Wannan tafiya ta gwanaye ai ta kwana biyu. Ta kuma san wasan sarai, don a makon jiya Dontay ya ratsa falonta tun daga firji har talabijin, ta ja bakinta ta yi shiru, da yamma ta dire shi a daidai wurin nan ta taya Odessa murna.

Ta rungume Nettie, ta goge ido da gefen rigar yarinyar.

"Na gani da idona," in ji ta. "Ke kuma daina kallon silin kamar an aiko ki gyara, tsohuwa. Shigo ki ci wake, akwai burodin masara."

Nettie yanzu direbar bas ce. In ka tambayi Verlene yaushe ta fara tafiya, za ta ce maka ranar Alhamis ne, a baranda, tana tsaye a wurin.