Kududdufin da Yaya Haladu ya cike

Da daminar bana yayana Alhaji Haladu ya cika shekara ashirin da takwas a kabari. Na ce a kabari ne don haka aka saba faɗa, amma in gaskiya za a bi, ban san inda yake ba. An hore mu da ambaton mamaci da alheri, kuma hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar, shi ya sa na daɗe ina haɗiye maganar nan. Yanzu ta tsaya mini a maƙogwaro.

A garinmu, can ƙasar Ƙaraye ta wajen Kurugu, akwai wani kududdufi a gefen gonar mahaifinmu. Daga cikinsa kakanni suka haƙi ƙasar da suka gina garin, shi kuma duk damina ya riƙe ruwan da ya gangaro daga lunguna. A gangarensa maƙabarta take. A nan aka binne Inna, mahaifiyarmu, ƙarƙashin wata kanya.

Wajen ƙarshen shekarun alif ɗari tara da tamanin Yaya ya dawo daga Kano ido ya buɗe. Ya ga yadda ake yanka gonaki ana sayar da fuloti. Ya ɗauko tifofi, aka yi ta juye shara da burji har kududdufin ya shafe. Ya sa igiya ya yanka wurin haɗe da gonar, ko taku ɗaya bai bar wa ruwa ba. Kuma sai da rani yake kai mai saye, lokacin da ko'ina tudu ne. Malaman firamare da 'yan kasuwar gyaɗa suka saya, suka ɗora bulo da kwano. Burinsa a riƙa kiran wurin Unguwar Alhaji Haladu.

Ruwa dai ba wanda ya gaya masa an sayar da masaukinsa. Ya zo bai sami wurin zama ba, ya haɗu da wanda ke zubowa daga sababbin kwanuka, suka nufi gangare. Abin ya fara da 'yar zaizayar da yaro zai tsallake. A damina ta uku kaburbura suka fara burmawa. Na sami Yaya a ƙofar gidansa yana jin rediyo.

Na ce, "Yaya, ruwa ya kusa kanyar Inna. Ka bar fuloti biyun ƙarshen nan a haƙa masa rami."

Ya ce, "An sayar."

"To a fitar masa da magudana."

Ya rage muryar rediyon ya dube ni. "Kai Ɗanjuma, matacce yana jin sanyi ne? Inna ta riga ta tafi. Ka bar masu rai su nemi abinci."

Kafin kaka ruwa ya tafi da kanyar da kabarin. Ni da masu haƙar kabari muka bi kwarin da ruwan ya haƙa, da buhu a hannu, muna tsintar ƙasusuwan da ya bari. Ba mu san na wane ne ko na wance ba, muka haɗa a likkafani ɗaya muka rufe a tudu. Yaya ne ya aiko da likkafanin, farin yadi mai kyau. Shi bai zo ba, yana da mai saye daga Rogo. Tun ranar ban sake cin abinci a gidansa ba.

Ba a jima ba ciwo ya kwantar da shi, kafin shekarun casa'in su ƙare ya rasu. A maƙabartarmu ba a zaɓar wa mutum wuri, inda layi ya kai nan ake haƙawa, layin kuwa ya kai bakin kwarin. Damina biyu ya yi a wurin, ruwa ya tafi da kabarinsa. Tsuntsun da ya ja ruwa, shi ruwa kan doka.

Nakan tambayi kaina, da zai leƙo yau me zai ce? Unguwar ta cika, har da benaye. Da an shiga marka kowa ya jera buhunan yashi a ƙofarsa, ya ƙara wa dakalinsa tudu, ya tura wa maƙwabci ruwan. Na san Yaya. Haushin da zai ji ɗaya ne, ya sayar da araha. Sannan ya tsaya bakin kwarin yana lissafin tifa nawa za ta cike shi.

Sunan da ya nema bai samu ba, Sabuwar Unguwa ake ce wa wurin. Ramin ne ya gaji sunan. Yara suna cewa Kwarin Haladu, ko Alhajin ba sa sawa.

Kwanan baya babban ɗansa ya zo daga Kano, ya ce, "Baffa, ina so ka kai ni ziyarar kabarin Baba." Na kai shi bakin kwarin. Ya leƙa, ya ga shara da ledoji da ruwa yana malala a ƙasa, ya ce, "Baffa, ina ne daidai wurin?"

Na ce ya ɗaga hannu a inda yake tsaye, daga nan har inda ruwan ya tsaya duk ubansa ne. Na ce in ya gama ya sa da kakarsa, hanya ɗaya suka bi.