Igiyar da Yaya ya ɗaure a Thames

Mu 'yan Yawuri ne, a bakin kogi muka tashi. Yayana tun yana ƙarami yake riƙe filafili, daga baya ya samu jirgi mai inji yana kai mutane kasuwa. Da ya biyo ni Landan, abin da ya samu shi ne wankin bas a wani gareji wajen Old Kent Road. Yakan dawo ɗakinmu na Abbey Wood hannu duk ya yi fari fat da sabulu, ya zube a kujera ko takalmi bai cire ba. Wallahi ganinsa a haka ya fi aikina gajiyar da ni.

Ni ina aiki a wani babban jirgin 'yan yawon buɗe ido a kogin Thames. Nawa jefa igiya, goge daɓe, miƙa wa fasinja rigar ruwa. Na yi ta bin skipper, wato matuƙinmu, wani Bature marar son magana, har ya gaji ya ce in kawo yayan nawa gwajin yini guda. In ya yi, ya zauna.

A hanya na yi ta karanta masa: goshin jirgi bow, bayansa stern, hagu port, dama starboard. Ya ce, "Kai, rabu da ni da Turancinku. Ruwa ai ruwa ne."

Da safe kam ya burge. Yadda yake naɗe igiya, yadda yake tsayawa jirgi na rawa shi ko gezau, har skipper ya gyaɗa kai. Rabon da in ga Yaya yana dariya haka tun gida.

Da azahar aka ce ya ɗaure wani ƙaramin jirgi mai inji da muke 'yan aikace-aikace da shi a jikin wata tsohuwar katanga mai zoben ƙarfe. Ya ja igiya ya tamke ta tamau, goshin jirgi ya manne da zobe. Haka ake yi a wurinmu, sakwarkwatacciyar igiya alamar rago ce. Kuma kogin gida da damina yake cika, da rani ya janye, ba ya yi wa kowa bazata. Wannan kuwa sau biyu a yini yake tafiya teku ya dawo, kuma saukar da yake yi ta fi tsayin ɗaki.

Na ce, "Yaya, a ɗan sassauta, ruwan zai sauka."

Ya ce, "Da rana tsaka? Rani ne zai shigo kafin mu ci abinci?"

Na sake faɗa. Ya dube ni ya ce, "Wa ya koya maka ɗaurin nan?" Shi ya koya mini. In kuwa na sa hannu na kwance ɗaurinsa a gaban Turawa, ai gara a ce na mare shi. Ana haka aka kira mu babban jirgi, muka kwashi fasinja zuwa wajen Charing Cross.

Da muka dawo, inna lillahi! Ruwa ya janye, ƙaramin jirgin yana rataye da hanci a jikin katanga kamar akuyar da aka rataya za a feɗe. Bayansa ya nutse, inji ya sha ruwa. Skipper bai yi faɗa ba, ni da ma ya yi. Wuƙa kawai ya miƙa wa Yaya. Yaya da hannunsa ya yanke igiyar, jirgin ya faɗa tim cikin laka da ruwa. Yaya ya cire rigar ruwan da aka ba shi ya ninke ya ajiye, ba sai an ce masa ba.

Ni da Yaya muka hau jirgin ƙasa zuwa gida. Sai da muka kusa Abbey Wood ya ce in tashe shi da wuri gobe, zai koma gareji. Can kuma ya ce, a hankali, "Amma ɗaurin bai kwance ba. Ka gani ko?"

Na ce, "Na gani, Yaya."