Inda Abdulghani Yake Kai Samra

Abdulghani Bello haifaffen Jidda ne, mahaifinsa ma a nan aka yanke masa cibiya. Kakansa ne ya taso daga wajen Haɗeja, ya ratso ta Sudan, ya sauka a tashar jiragen ruwa da niyyar aikin Hajji, daga nan bai koma ba. A unguwar Karantina iyalin suka zauna, cikin wani lungu da mota ba ta shiga. A can Abdulghani ya tashi, ya yi aure, har furfura ta fara fito masa. Aikinsa tuƙa motar ɗaga kaya a wani sito kusa da tasha, yana sauke buhunan shinkafa da kwalayen man girki. Mutum ne kakkaura, marar yawan magana, in kuma ya yi, Hausar rabi Larabci ce. Hanyarsa ɗaya ce tun yana saurayi: daga gida zuwa sito, daga sito zuwa masallaci, daga masallaci zuwa gida.

A lungun nasu akwai wata karya ja mai farin ƙirji, ba ta kowa ba. 'Yan unguwa suka sa mata Samra. Abdulghani ba mai sha'awar karnuka ba ne. Ragowar abinci kawai yake zuba mata a gindin bango, saboda matarsa Fatsuma ba ta yarda a zuba shinkafa a shara. Ita kuwa karyar ta ɗauki abin da girma. In ya fito da safe sai ta bi shi daga nesa har bakin titi, ta tsaya ya tsallaka, sannan ta juya.

Sai aka zo aka shafa wa bangayen unguwar jan fenti, alamar rusau. Kafin mutane su gama yarda da abin, motocin rusa gini sun iso. Maƙwabta suka watse. Wasu suka yi Makka, wasu suka nausa arewacin gari, waɗanda iƙamarsu, wato takardar izinin zama, ta daɗe da mutuwa wasunsu suka tafi ƙasar kakanninsu da ba su taɓa gani ba. Babban ɗan Abdulghani, Mazen, ya kama wa iyayensa shaƙƙa, wato sashen haya a gidan bene, a hawa na uku a unguwar Safa, kusa da tasa. Gida ne mai kyau, ga sanyi, ga ruwa ba ya yankewa. A hargitsin kwashe kaya babu wanda ya tuna da Samra.

Bayan an kwana biyu, wata ranar Juma'a da la'asar, Abdulghani ya ce bari ya je ya ga abin da ya rage. Ya tarar da fili fetal, tarin bulo da ƙarafa ta ko'ina. Ya yi ta zagaye bai gane inda gidansa yake ba, sai da ya hango wata darbejiya da aka bari, ya auna daga nan. Samra tana kwance a kan tarin ƙasa kusa da wurin, haƙarƙarinta duk a waje. Da ta gan shi ba ta yi tsalle ba, ba ta yi haushi ba. Ta dai miƙe, ta zo ta tsaya nesa kaɗan kamar yadda ta saba, tana jiran ya fara tafiya.

Da ya koma gida ya faɗa wa Fatsuma, tun bai kai ƙarshe ba ta tare shi.

"Abu Mazen, kare a ɗakin da muke salla? Khalas, magana ta ƙare, kada ma ka fara."

Ya san gaskiya ta faɗa, shi ma ba abin da yake nufi ba ke nan. Washegari ya je wurin Mus'ab, wani Bahaushen Sudan mai gyaran firji da na'urar sanyaya ɗaki a gabashin gari. Shagon nasa yana da ɗan fili a baya inda yake tara tsofaffin injuna, kuma ya daɗe yana kukan masu satar wayar tagulla. Mus'ab ya ce a kawo ta, ta yi masa gadi. Suka kafa mata rumfa da kwano, suka ajiye mata bokitin ruwa.

Amma Samra ta ƙi zama. Abinci sai ta shinshina ta bari. Ta yi ta kai da komowa a jikin katanga, tana tonon ƙasan ƙofa har ƙafafunta suka yi jini. Mus'ab ya kira Abdulghani a waya ya ce masa, "Ammu," wato baffa, "wannan ba yunwa ke damunta ba. Dabbar da ta saba yawo ce. In ba a fita da ita ba, mutuwa za ta yi mini a nan."

Haka Abdulghani, yana dab da barin aiki, ya sayi igiya da abin wuya, ya ware wata tsohuwar riga da ba ya salla da ita, ya shiga neman inda mutum zai taka da kare a Jidda.

Ya fara da wani ɗan lambun unguwa mai ciyawa da lilon yara. Ko ƙofa bai wuce ba mai gadi ya ɗaga masa hannu ya ce mamnu'u, an hana. Wata mata ta janye 'ya'yanta, wani dattijo ya tattare rigarsa yana harararsa. Abdulghani ya ji kunyar da bai taɓa ji ba, ya juya. Bakin teku kuwa, inda iyalai ke shimfiɗa darduma da yamma, bai ma fito da ita daga mota ba. Surukarsa Rana, matar Mazen, ta duba masa a waya ta samo wani wuri da aka tanada don masu karnuka. Ya je. Ya tarar da samari da 'yan mata riƙe da ƙananan karnuka masu gashi kamar auduga, an taje su, wasu har da riga. Babu wanda ya wulaƙanta shi, wata yarinya mai suna Areej ma ta ba Samra ruwa. Amma karyar ta maƙale a bayan ƙafarsa tana rawar jiki, shi ma bai san inda zai sa kansa ba.

Daga nan sai ya daina tambaya, ya riƙa ɗaukar ta a bayan tsohuwar motarsa ta kaya yana bin hanyoyi. Ya gwada gefen babbar magudanar ruwan sama, siminti ya ƙona mata tafin ƙafa. Ya gwada gaɓar teku ta kudu inda masunta ke zama, garken karnukan wurin suka yo musu ca, da ƙyar ya kore su da jifa. A wannan yawon ne ya lura da abin da ya ba shi mamaki. Shi da aka haifa a garin nan, ashe bai san shi ba. Unguwanni ya yi ta ratsawa da bai taɓa jin sunansu ba, ga duwatsun gabas da kullum yake hangowa a cikin hazo, bai taɓa tunanin akwai hanyar zuwa gindinsu ba.

Wani mai sayar da nonon raƙumi a bakin hanya ne ya nuna masa. Ya ce ya bar kwalta ya bi sawun motoci ta bayan tudu, akwai kwari a can, babu kowa sai awaki. Abdulghani ya bi. Ya tarar da kwari mai yashi, itatuwan ƙaya jefi-jefi, da wata siririyar hanyar dabbobi da ta hau dutse. Ya daɗe yana riƙe da igiyar kafin ya kwance. Samra ta tsaya jim, sannan ta zura da gudu har ta ɓace masa.  Can sai ga ta ta dawo, harshe a waje, ta koma bayansa. Ranar ta cinye abin da Mus'ab ya zuba mata tas.

A gida kuwa Fatsuma ce ke ramewa. A Karantina ƙofarta ba ta rufuwa, wannan ta shigo aron turmi, waccan ta leƙo gaisuwa. A Safa kowa ya shige ya turo ƙofarsa. Likita ya ce sukarinta ya hau, ta riƙa tafiya, ta ce ba za ta je tana zagaye cikin baƙin fuskoki ba. Da aka yi ruwan hunturu kwarin ya yi kore, Abdulghani ya nuna mata hoton a waya. Ta duba, ta sake dubawa, ta ce za ta je, amma karyar ta zauna a baya, kada kuma ta matso kusa da tabarmarta.

Zuwan farko zama kawai ta yi da butar shayi. Na gaba ta taka har gindin dutse tana haki. Suna dawowa ta tsaya tana kallon Samra da ke biye da su.

"Ka san wani abu?" in ji ta. "A duk maƙwabtanmu, ita kaɗai ce ta rage mana."



A satin nan Fatsuma ta nemo lambar Bashira, tsohuwar maƙwabciyarta da ta koma garin Bahra, ta kwatanta mata wurin. Bashira ta zo da mijinta Abdulwahid da tukunyar dambu. Matan suka rungume juna suna kuka, daga baya suka koma dariya da lissafin wa ya koma ina. Sannu a hankali wasu gidajen suka ji labari, suka riƙa zuwa ranar Juma'a. Ba kowa ba. Wani tsohon abokin Abdulghani ya ce shi ba ya zama inda kare yake, kuma bai zo ba har yau. Abdulghani bai riƙe shi a rai ba. In za a ci abinci ko za a yi salla yakan ɗaure Samra a wata bishiya can nesa, ya wanke hannu, ya canja riga.

Yanzu ya bar aikin sito. Gwiwarsa tana damunsa, bakin Samra ma ya yi fari, ba ta gudu kamar da. Kwanakin baya suka tarar an kakkafa turaku masu jan ƙyalle a bakin kwarin, mai raƙuma ya ce gidaje za a gina. Abdulwahid ya ce ya ji akwai wani wurin ta hanyar Asfan, don haka suka je dubawa su biyu. Wurin duk tsakuwa ne, ga nisa, inuwa kuma itace ɗaya tak. Abdulghani ya ce mata ba za su iya takawa a nan ba. Suka sha shayi a gindin itacen, suka bar Samra ta gama shinshine-shinshinenta, sannan suka bi wata hanyar ƙasa da ta yi arewa don su ga inda ta ɓulla.